Layuka Hamsin na Gwaggo Meyasa

Tun kafin ta iya ɗaura igiyar takalmi da kanta aka laƙaba wa Gwaggo suna Meyasa, kuma sunan ya bi ta har girma. Inna, mahaifiyarta, takan ce a duk 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya gajiyar da bakinta kamar wannan. A ce mata ruwa ya kusa tafasa, sai ta ce me ya sa yake kuka kafin ya tafasa. A ce ta kwanta ta yi barci, sai ta ɗaga kai ta ce me ya sa fanka take juyawa ta wannan gefen ba ta wancan ba. Tana shekara tara ta sauke agogon bangon falo, ta kwance shi da bakin cokali, ta jera ƙananan ƙarafunansa a faranti daga babba zuwa ƙarami. Ta mayar da su duka, sai guda ɗaya da ya rage a hannunta, ta rasa wurinsa. Agogon ya ci gaba da tafiya, sai dai kullum yana gaba da minti huɗu. Yayanta aka fara zargi, shi ya sha faɗan, ita kuwa tana bayan ƙofa ta yi tsit. Har yau idan dangi sun taru yakan ce bai yafe ba.

A makaranta ba ta cika zuwa ta ɗaya ba. Malamai sun ce kanta yana ja, amma takan tsaya a tambaya ta farko tana juya ta har lokaci ya ƙare. Da ta gama sakandare ta shiga kwalejin fasaha ta karanci kwamfuta, daga nan ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke hawa na huɗu a wani dogon gini. Aikin kamfanin shi ne riƙe wa wasu shafukansu na intanet, kuma babban wanda suke yi wa aiki wata hukumar jarrabawa ce da ke fitar da sakamako sau biyu a shekara.

Ɗakin aikinta yana can ƙarshen baranda, babu taga. Sanyin cikinsa ya isa a ce ko da rana tsaka sai da suwaita take shiga. Akwai dogayen akwatunan ƙarfe jere da bango, cike da kwamfutoci marasa allo, suna huci, ƙananan fitilunsu kore suna ƙyaftawa. Sau ɗaya Inna ta taɓa leƙa ɗakin, tun daga ranar kuma duk wanda ya tambaye ta aikin 'yarta sai ta ce, "Gadin firij take yi, amma dai ana ganin mutuncinta."

Kwamfutocin nan iri biyu ne. Akwai waɗanda ake kira saba, su ne masu tarbar jama'a. Akwai kuma babba guda ɗaya da ake kira rumbu, inda sakamakon kowa yake ajiye. Idan ɗalibi ya rubuta lambarsa a waya, saba ce take karɓa, ta tambayi rumbu ta wani layi kamar layin waya, rumbu ya duba ya ba ta amsa, ita kuma ta miƙa wa ɗalibin. Lokacin da Gwaggo ta fara aiki, saba biyu ne kacal. Da hannunta ta haɗa su, ta ɗaure wayoyinsu, ta manna musu lamba. A cikin shekara tara ta ga sun zama goma, ta san wadda fankarta ke gurnani da wadda ke jinkirin tashi idan an kashe ta.

Sai wayoyin hannu suka yawaita, kowa ya daina zuwa makaranta duba allo. Ranar wani sakamako, ƙarfe goma na safe aka buɗe shafin, goma da minti ashirin ya tsaya cik. Duk wanda ya danna sai ya ga fari fat. Manajan kamfanin, wani gajeren mutum mai yawan share gilashin idonsa, ya ce maganin a bayyane yake: jama'a sun ƙaru, a ƙara saba. Gwaggo ma haka ta gani. Aka mayar da su ashirin. Bayan wata shida aka sake buɗe shafin ƙarfe goma, goma da minti bakwai ya faɗi.

Washegari Manaja ya kira ta ofishinsa. Bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, sau biyu ke nan. Na sa a kawo wasu ashirin, su zama arba'in. Idan ya sake faɗuwa a karo na uku, zan ɗauko wani daga waje in ba shi ɗakin, ke kuma ki koma teburin amsa ƙorafi. Ba korarki zan yi ba, amma ba zan iya ci gaba da tsayawa gaban mutanen hukuma ina sosa ƙeya ba."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Akwai abin da za ki ce?"

"Minti ashirin ya yi da saba goma. Da ashirin kuma minti bakwai ya yi."

"To?"

"Ban sani ba tukuna. Abin dai yake ba ni mamaki."

Manaja ya cire gilashi ya share. "Ki yi mamakinki da sauri, wata shida ba yawa."

Teburin amsa ƙorafi yana hawa na biyu, inda ake zama da abin ji a kunne ana ba mutane haƙuri daga safe har yamma. Ta san wurin, kuma ta san idan ta sauka can ba za ta sake riƙe mabuɗin ɗakin sanyin nan ba. Amma tana fitowa daga ofishin, ba teburin ne ya cika mata kai ba, minti bakwai ɗin nan ne. An ninka masu tarbar jama'a, abin ya fi saurin mutuwa. Ta duba yawan waɗanda suka shiga a ranaku biyun, ta ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Ta duba wuta, ta duba zafi, ta duba babbar wayar da ke shigo da intanet cikin ginin. Duk lafiya lau.

Abokin aikinta ɗaya ne a ɗakin, wani magidanci da kowa ke kira Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Shi yake da manhajar da ke kwaikwayon jama'a, ta turo mutanen boge dubu ɗari su danna a lokaci guda don gwaji.

"Dogo, kafin a buɗe ba ka gwada ba?"

"Sau uku, Injiniya. Mutanena sun shiga sun fita ko tari ba a yi ba."

"A ina ka gwada?"

"Inda muka saba mana. Wurin gwaji."

"Saba nawa ne a wurin gwajin?"

"Biyu. Ai ke kika haɗa shi tun ina da gashi a kai."

Ta tsaya tana kallonsa har sai da ya shafa sanƙonsa ya ce ko ya faɗi wani abu ne. Ta jawo kujera, ta buɗe tarihin da rumbu yake rubutawa da kansa na abin da ya same shi minti bayan minti. A ranar faɗuwa ta farko, daf da mutuwarsa, layuka ɗari biyar ne a buɗe suna yi masa magana. A ta biyu, dubu ɗaya cif. Ba ɗari tara da wani abu ba, dubu ɗaya daidai. Lissafi mai santsi irin wannan ba jama'a suke yin sa ba, wani ne ya rubuta shi. Ta raba ɗari biyar gida goma, ta raba dubu gida ashirin, duka biyun suka ba ta hamsin.

Ta buɗe fayil ɗin da ke gaya wa saba yadda za ta yi aiki. A can tsakiya ta ga lambar: kowace saba tana da izinin buɗe layi hamsin zuwa rumbu. A saman lambar akwai ɗan rubutu da aka bari don tunatarwa, da kwanan wata na shekara tara baya: "Hamsin na wucin gadi ne, a duba daga baya." Ba ta buƙaci a gaya mata wanda ya rubuta ba.

A lokacin da ta rubuta, saba biyu ne, layi ɗari ke nan, rumbu kuma yana iya ɗaukar ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu ba tare da ya yi nishi ba. Sai dai a sana'arsu ba a haɗa sabuwar saba daga farko. Kwafin tsohuwar ake yi ɗungurungum, da kyawunta da aibinta. Kowace sabuwa ta zo da hamsin ɗinta a aljihu. A ranakun da babu cunkoso ba wanda zai gane, don layi biyu ko uku kowace take amfani da su. Sai ranar sakamako duk su buɗe hamsin ɗinsu gaba ɗaya, su yi caa a kan rumbu guda. Shi kuma ya ɓata ƙarfinsa wajen juyawa daga wannan zuwa wancan, ya fara amsa dubu bai gama ko ɗaya ba. Yanzu kuma ga arba'in suna hanya, layi dubu biyu ke nan.

Dogo ya karanta rubutun ta saman kafaɗarta, ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Daga baya ɗin ce ta zo yau. Ki goge rubutun, ki gyara lambar, ni ban ga komai ba. Idona ma ba shi da kyau."

Ran Asabar ta je gidan Inna, ta tarar da Yaya a can. Shi mai haɗa magani ne a asibiti, kuma ya saba da ganin fuskar wanda abu ke damu. Ta ba su labarin tana wasa da cokali a kofin shayi. Inna ta ce ita dai ba ta gane ba, amma idan hamsin ce ta yi yawa a mayar da ita arba'in da tara a zauna lafiya. Yaya kuwa ya gane sarai.

"Wato ke kika kwance, ke kika ɗaura, ƙarfe ɗaya ya rage a hannunki."

"Yaya, don Allah."

"A'a, tambaya nake. Wannan karon wa zai sha faɗan? Don ni yanzu na tsufa."

"Babu wanda zai sha. Zan iya gyarawa shiru, shafin ya tsaya, Manaja ya ɗauka arba'in ɗinsa ne suka yi aiki."

"To mene ne matsalar?"

Ta ajiye cokalin. "Idan ya ɗauka haka, gaba zai ƙara wasu. Wanda ya zo bayana kuma ba zai san dalilin ƙaramar lambar ba, wata rana ya ga kamar kuskure ne ya mayar da ita sama."

"Sai ki faɗa masa."

"Yana iya sauke ni hawa na biyu tun kafin ranar."

"Yana iyawa," in ji Yaya. Ya kurɓi shayinsa. "Amma bayan ƙofar nan ya yi miki kaɗan yanzu."

Ran Litinin da safe ta buga shafin fayil ɗin a takarda, da rubutunta da kwanan watan, ta ajiye a gaban Manaja. Ta yi masa bayani tun daga saba biyu har zuwa dubu biyu. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Shekara tara."

"Da wata uku."

Ya ajiye takardar. Sannan ya tambayi abin da take so a yi. Ta ce a rage layin kowace saba daga hamsin zuwa huɗu, arba'in sau huɗu, ɗari da sittin. Wanda ya zo ya tarar layuka a cike, a nuna masa shafin jira, a gaya masa mutum nawa ne a gabansa, a roƙe shi kada ya sake dannawa.

"Huɗu," in ji Manaja. "Jama'a sun ninka, ke kuma kina so ki toshe hanya. Injiniya, ko dai kin gaji da aikin ne kina neman hanyar sauka?"

"Ba na neman ka yarda da bakina. Ka ba mu safiyar Lahadi, Dogo ya sako mutanensa a kan na gaskiyar, ba wurin gwaji ba. Sau ɗaya da hamsin, sau ɗaya da huɗu."

Ranar Lahadin Manaja ya zo da kansa, ba suwaita, ya tsaya a ɗakin yana rungume da hannuwansa. Dogo ya saki mutanen boge da hamsin a kowace saba. Minti uku shafin ya yi ya mutu. Suka tayar da komai, Gwaggo ta canza lambar, Dogo ya sake sako su. Aka yi minti goma, aka yi ashirin, aka yi arba'in, rumbu yana ta amsawa.

"Mutanen boge ba su da uwa da uba a bayansu suna cewa sake dannawa," in ji Manaja, haƙoransa na kaɗawa. "Na yarda a gwada. Amma ranar ina nan tsaye. Idan na ce a buɗe layukan, a buɗe."

Ranar sakamako ta zo. Tara da rabi su uku suna ɗakin, Manaja sanye da suwaitar matarsa, don ita ya samu a mota. Gwaggo ta sa lambobi biyu manya a allon bango. Ta hagu masu jira, ta dama waɗanda suka samu sakamakonsu a cikin minti ɗaya. Dogo ya zauna a gaban madannan kwamfuta da umarnin mayar da hamsin a rubuce, saura dannawa.

Ƙarfe goma lambar hagu ta tashi kamar an kunna mata wuta. Dubu biyar, dubu goma sha takwas, dubu talatin. Wayar Manaja ta fara ruri. Ya duba ya kife ta a tebur, ta ci gaba da rawa a kife. Goma da minti takwas masu jira suka kai dubu hamsin da biyu.

"Injiniya, mutum dubu hamsin a tsaye."

"Dubi ta dama, ranka ya daɗe."

"Ina ganin ta hagu."

"Ta dama tana cewa dubu tara a minti. Tun da aka buɗe ba ta sauka ba. A karon baya, war haka ta koma sifiri."

Dubu sittin da ɗaya. Manaja ya cire gilashi, bai share ba, ya mayar.

"Ko goma-goma ne a ƙara musu. Dogo."

Dogo ya ɗaga yatsa, ya kalli Gwaggo, ya kalli Manaja. "Ranka ya daɗe, yatsan nan naka ne. Amma ni da za a tambaye ni, sai in ce sanyi ya kama shi na minti biyar."

"Ka ba ni biyar ɗin," in ji Gwaggo. Idonta na kan lambar dama. "Idan ta sauka ƙasa da dubu takwas, ni da kaina zan danna, in kuma kwashe kayana."

Manaja ya mayar da idonsa kan allon. Suka tsaya. Ita kuwa, a tsakiyar wannan tsayuwar, ta lura lambar dama tana ɗan nutsewa kowane daƙiƙa talatin ta sake tasowa, ta jawo takarda ta rubuta don ta bincika daga baya. Dubu sittin da huɗu. Dubu sittin da huɗu da ɗari biyu. Lambar hagu ta yi kamar tana tunani, sai ta koma sittin da uku. Daga nan ta riƙa gangarowa a hankali. Sha ɗaya saura kwata babu kowa a shafin jira. Wanda ya fi kowa daɗewa minti bakwai ya jira, kuma ya samu abin da ya zo nema.

Manaja ya ɗauki wayarsa ya fita baranda. Suna jiyo shi yana cewa e, e, an gode, ai aikinmu ne. Dogo ya goge umarnin da ya rubuta, ya miƙe har kansa ya kusa taɓa rufi, ya ce shi yunwa yake ji.

Da la'asar Manaja ya aiko a kira ta. Takardar nan mai rubutunta tana kan teburinsa har yanzu.

"Zauna, Injiniya. Shafi ya tsaya, na gani. Amma ban manta ba, faɗuwa biyun nan daga hannunki suka fito. Na rubuta haka a rahoto, da sunanki."

"Daidai ne."

"Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan." Ya ɗora yatsa a kan rubutun. "Na wucin gadi, a duba daga baya. Irin wannan guda nawa kika bari a ɗakin can?"

"Na bi fayilolin duka a makon jiya. Goma sha bakwai na samu."

"Goma sha bakwai."

"Biyar ba nawa ba ne, na Dogo ne. Amma ya ce in ce nawa ne."

Manaja ya jingina da kujera ya dube ta, kamar yana neman abin da zai yi fushi da shi ya rasa ta inda zai kama.

"Idan na ɗauko wani daga waje, zai san inda suke?"

"Zan iya rubuta masa."

"Zai san dalilin da ya sa aka sa kowace?"

"Wasu ni ma sai na zauna na tuna."

"To koma ki tuna. Kowace Juma'a ki kawo mini guda ɗaya a takarda, da abin da kika yi mata. Maganar hawa na biyu kuma a bar ta."

Ta yi godiya ta tashi. Tana bakin ƙofa ya ce ta gaya wa Dogo ya kawo nasa biyar ɗin da ƙafarsa.

Gwaggo tana ɗakin har yanzu, mabuɗin yana rataye a wuyanta tare da katin shaidar aiki. Cikin goma sha biyun da suke nata ta gama da goma sha ɗaya. Ta goma sha biyu ta ci mata Juma'a uku, domin lamba ce da ta rubuta talatin, kuma duk lissafinta ya nuna talatin ɗin daidai ce, amma ta ƙi kai wa Manaja takarda sai ta gano yadda aka yi ta dace tun a wancan lokacin.